Ba Kowane Tiyo Ne Ke Riƙe Iskar Tobo Ba

A da, in aka ce mota mai tobo a Kano ko Kaduna, hankali kan tafi ne ga tirela da tanka, su DAF da MAN da Mack. Yanzu abin ya shigo har cikin ƙananan motoci. Honda Accord ƙirar 2018 da tobo ta fito, haka yawancin CR-V tun daga 2017. Mercedes C300 ta koma silinda huɗu da tobo a ƙirar 2015, Ford ta zuba injin EcoBoost a Escape da Edge, Toyota kuwa da ta fito da Land Cruiser 300 a 2021 sai ta ajiye injinta mai silinda takwas ta ɗora mai shida da tobo biyu. Irin waɗannan motoci ne ke sauka a Legas da Kwatano suna haurowa Arewa. A Nijar, Hilux mai shan gas ta daɗe tana ratsa hamada da nata tobon. Duk motar da aka ga an rubuta Turbo ko TDI ko TSI ko HDi a bayanta, tana cikin wannan sahu.

Motocin sun iso, amma sanin halinsu bai gama isa gareji ba. Wurin da aka fi yin sakaci kuwa shi ne mafi arha a duk tsarin: bututu da tiyon da ke ɗaukar iska daga tobo zuwa inji.

Tobo dai ba sabon abu ba ne. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar fasahar a 1905. Hayaƙin da ke fita ta salansa ne ke juya wata 'yar farfela, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke ɗaya ɓangaren, wadda ke zuƙo iska ta danna ta cikin inji da ƙarfi. A ƙaramar mota farfelar kan yi juyi sama da 150,000 a minti ɗaya. Iska da yawa, mai da yawa, ƙarfi da yawa: da haka inji mai lita 1.5 yake yin aikin da a da sai mai lita 2.4. Sai dai duk iskar da aka matse zafi take yi. A ranar da zafi ya kai digiri 40, abin da ba baƙo ba ne a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, iskar da ke fita daga tobo mai matsin ba (bar) 1 tana iya wuce digiri 130. Iska mai zafi ba ta da kauri, ba ta ƙona mai yadda ya kamata, a injin fetur ma tana sa man ya kama da wuta kafin lokacinsa, ya riƙa dukan fistin. Shi ya sa ake bi da ita ta intakula, wata na'ura mai kama da lagireto, ta huce kafin ta shiga inji. A yawancin motoci tana gaba, bayan bamba. A tsohuwar Hilux mai lita 3 ta D-4D tana kwance ne a saman inji, shi ya sa ake ganin ƙofar shan iska a kan bonet ɗinta.

Tsakanin tobo da intakula, da kuma tsakanin intakula da inji, akwai bututu da gaɓoɓi. Lissafin abin da suke ɗauka ba shi da wuya. Matsin ba 1 daidai yake da nauyin kusan kilo 1 a kan kowace murabba'in santimita. Bakin bututu mai faɗin inci 2.5 ya kai murabba'in santimita 31. Ke nan duk lokacin da direba ya taka totur, ƙarfin da ke ƙoƙarin zare tiyo daga bututun ya kai kilo 31. In matsin ya kai ba 1.5, kamar yadda yake a injinan gas da yawa, ya doshi kilo 47, wato kusan buhun siminti guda rataye a wuyan kilif ɗaya. Kuma ba ja ɗaya ba ne a huta. A taka, a saki, a taka, a saki, ga zafi, ga girgiza, ga ramukan hanya.

Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin yadda gyaran wucin gadi ke tonuwa a Hawan Kibo ba, ko wajen wuce tirela a hanyar Kano zuwa Zariya. A cikin gari motar tana tafiya sumul domin tobo bai tashi sosai ba. Sai an ɗora mata kaya an buɗe mata wuta, a ji ɓus, ƙarfi ya ɗauke, a daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Abin da ake liƙawa a wurin idan tiyon asali ya fashe yana da ban tsoro. Wani ya yanko tiyon lagireto don faɗinsu ya zo ɗaya. Robar lagireto an yi ta ne don ruwa, ba ta shiri da baƙin mai, alhali a cikin bututun tobo kullum akwai ɗan raɓar mai da ke zuwa daga numfashin inji. Kafin a jima sai ta kumbura, ta yi laushi, ta tsage daga ciki. Wani ya je wurin masu kayan famfo ya sayo farin bututun ruwa, wanda ba a yi shi don zafin da ya wuce digiri 60 ba. Wani kuma ya naɗe tsagar da robar tif ya ɗaure da waya, ya shafe da gam. Wannan na ƙarshe zai iya kai mutum gida daga daji, ba laifi. Laifin shi ne a bar shi ya zama gyara.

Mafi alheri shi ne kayan asali na motar, sabo ko ɗan Beljiyam mai lafiya. Mai zuwa Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, ya tafi da tsohon tiyon a hannunsa, da lambar da ke jikinsa in tana karantuwa. Ɗan Beljiyam ɗin ma sai an duba shi da kyau: a lanƙwasa a ga ko ƙananan tsage za su buɗe, a matsa a ji ko ya yi laushi kamar ya sha mai, a leƙa ciki da tocila. In asalin bai samu ba, abin da ake amfani da shi a duniya shi ne bututun alminiyam da gaɓoɓin silikon. Silikon na kirki ana gane shi a bakinsa, inda za a ga layin zare uku ko huɗu ko biyar a jere cikin kaurinsa. Wanda ba shi da zare, ko mai layi ɗaya, ado ne kawai, komai kyan launinsa. Ga injin gas, inda mai ya fi yawa a hanyar, ana neman wanda aka yi wa shafi na musamman daga ciki don kada mai ya ratsa shi.

Kayan asalin ma ba duka ne ba su da aibu. Masu BMW mai injin N54 da N55 sun san bututun roba mai tauri da ke kusa da bakin shigar iska, wanda ke fashewa idan ya tsufa, har aka sami kasuwar na alminiyam a madadinsa. A Volkswagen da Audi masu TDI kuwa, tiyon ba kilif ake ɗaure masa ba, sargafa shi ake yi da wata lanƙwasasshiyar waya, kuma 'yan kunnuwan da wayar ke kamawa suna cinyewa a hankali har tiyon ya riƙa zamewa.

Samari masu gyaran mota don gudu suna da nasu kuskuren: a ganinsu, in bututu ya fi girma, ƙarfi zai fi yawa. Ba haka ba ne. Tashi daga inci 2.5 zuwa inci 3 yana ƙara cikin bututu da kashi 44 cikin 100, kuma dole tobo ya cika wannan fili da iska kafin inji ya ji komai. Sakamakon shi ne a taka mota ta yi jinkirin amsawa. Ƙarfin da ke tura gaɓa ma ya ƙaru, daga kilo 31 zuwa kusan 46 a matsi iri ɗaya. Ga motar da ba a taɓa injinta ba, faɗin da kamfani ya sa shi ne daidai. Abin da ya fi amfani shi ne hanyar ta zama gajeriya, kwanoninta kaɗan, kuma lanƙwasar ta fito a zagaye ba tare da bututun ya matse a gwiwa ba.

Wurin da aikin ke tsayawa ko ya rushe shi ne bakin bututu. Duk wanda ya duba bututun asali zai ga wani ɗan tudu da ya zagaye bakinsa. Ba ado ba ne. Tiyo yana haye tudun, kilif kuma yana zama a bayansa, ta yadda in iska ta tura, kilif ya ci karo da tudun ya tsaya. Makaniken da ya yanke bututu da zarto ya bar bakinsa sumul ya riga ya shirya ranar da zai zare. In babu na'urar fitar da tudun, mai waldar alminiyam zai iya zagaya bakin da siririn layin walda a goge shi ya yi santsi. Bayan yanka ko walda kuwa, a wanke cikin bututun tas, domin duk ɓurɓushin ƙarfen da ya rage, a cikin silinda zai ƙare. Haka tsumman da ake toshe baki da shi lokacin aiki: a ƙirga nawa aka sa, a ƙirga nawa aka cire.

Sai kilif. Wanda aka saba da shi, mai ramuka a jiki da ake ɗaurewa da sukudireba, yana yanka silikon idan aka matsa shi, in an ƙara matsawa kuma haƙoransa su zame. Mai noti da ƙusa, wanda ake ɗaurewa da sifana, ya fi faɗi kuma yana kama zagayen daidai. Amma shi ma yana da sharaɗi: kowanne da iyakar faɗin da yake kamawa, don haka sai an auna tiyon bayan ya hau bututu kafin a saya. Ba a kuma ɗaure shi da ƙarfin tsiya, domin yana iya lotsa siririn alminiyam ko ya tsaga bakin intakula in na roba ne. Kilif mai sifirin da kamfani ya sa, wanda yaran gareji ke jefarwa don yana ba su wahalar cirewa, shi ne ke bin tiyo yana matsewa yayin da zafi da sanyi ke sauya girmansa. Asara ce a yar da shi.

Akwai wata ɗabi'a da ta zama jiki: a shafa baƙin mai ko giris a bakin bututu don tiyo ya shige da sauƙi. Abin da ya shiga da sauƙi da sauƙi zai fita. Gaɓar tobo a bushe ake haɗa ta, bayan an goge maiƙon ciki da waje. In ta yi tauri, ɗan ruwan sabulu ya isa, domin shi yana bushewa. Bayan motar ta yi zafi ta huce, a sake bin kilif ɗin da sifana.

Inji yana motsi a kan robobin da yake zaune, intakula kuwa a yawancin motoci a jikin mota take a kafe. Saboda haka dole a bar gaɓa mai laushi tsakaninsu, dogon bututu kuma a yi masa mariƙi don kada nauyinsa ya rataya a wuyan tobo. In robobin zaman inji sun mutu, tiyo zai yi ta zarewa ko da an sa masa kilif goma. A duba kuma ko bututun yana gogar ƙarfe, ko bel, ko yana kusa da salansa.

Yoyon iska yana da alamunsa. Mota ta daina ja, musamman a hawa. A ji fito ko huci idan an taka. Ta gas ta riƙa tirnuƙe baya da baƙin hayaƙi, domin man yana nan amma iskar ta tsere. Shan mai ya ƙaru, abin da ba wasa ba ne tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a watan Mayun 2023. Fitilar inji ta kama, in an jona kwamfuta sau da yawa ta nuna P0299, lambar da ke nufin matsi bai kai ba. A nan ne mutane da yawa ke tafka asara, domin da an ga lambar sai a ce tobo ya mutu, ko a sauke nozul, ko a canza famfon mai. Lambar ba ta ce tobo ya mutu ba. Kuma barin yoyon ne ma ke kashe shi, saboda yana ƙara gudu don cike giɓin iskar da ke zubewa.

Binciken ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Gaɓar da ke yoyo yawanci tana da baƙin danshin mai da ƙura ta manne a kai. In ido bai gani ba, sai a toshe bakin shigar iska, a hura iska kaɗan, kamar rabin ba, a yayyafa ruwan omo a kowace gaɓa a jira kumfa. Ba a jona injin mai faci kai tsaye ba tare da abin rage matsi ba, domin iskarsa ta ninka ta tobo sau da yawa.

Tiyon da ke gaban tobo, wanda ya taso daga matatar iska, nasa haɗarin daban ne. Shi zuƙa yake yi, don haka in ya tsage ƙurar hunturu ce za ta shiga ba tare da tacewa ba, ta ci fukafukan farfela, ta wuce ta kankare silinda.

Masu motar gas su riƙe wannan da kyau: idan tobo ya lalace ya zubar da mai, man yana taruwa a cikin intakula da bututu. In aka ɗora sabon tobo ba a wanke su ba, inji na iya zuƙar man ya riƙa ƙona shi, ya yi ta ƙara gudu da kansa, a kashe makulli ya ƙi mutuwa har sai ya tarwatse. Don haka mai mota, in makanike ya ce maka tobo ne, ka ce masa, Malam, a fara gwada tiyo da ruwan omo ina tsaye. In kuwa tobon ne da gaske, kada ka yarda a tayar da injin sai an sauke intakula an wanke ta a gabanka.