Zaɓen Wurin Gashi a Sana'ar Ginin Tukwane: Misali Daga Abuja

1.0 Gabatarwa

Ginin tukwane tsohuwar sana'a ce a ƙasar Gwari da ƙasar Hausa. Wannan maƙala za ta duba hanyoyi biyu na gasa kayan yumɓu, domin ta nuna cewa aikin da za a yi da tukunya shi yake zaɓa mata irin wutar da ta dace da ita. Daga nan za ta taɓo matsalar sunayen da ake ba wa waɗannan hanyoyi a Hausa.

2.0 Gashin Fili

A gargajiyance, magina kan jera busassun tukwane a fili ko a rami marar zurfi, su lulluɓe su da itace da ciyawa, sannan su cinna wuta. Zafin yakan kai digiri 600 zuwa 800, kuma gashin ba ya daɗewa. Tukunyar da aka gasa haka tana da ƙananan ƙofofi a jikinta. Ta nan ne ruwa yake tsattsafowa, iska ta busar da shi, shi ya sa ruwan randa da tulu yake sanyi. Haka kuma irin wannan jiki yana jure wutar murhu.

3.0 Gashin Tanderu

A shekarar 1952 wani Bature, Michael Cardew, ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a zamanin Sarki Sulaimanu Barau. Ya gina rufaffen tanderu mai cin itace, wanda zafinsa yake haura digiri 1,200. A wannan zafi yumɓu yakan haɗe ya yi tauri kamar dutse, shafen ƙyalli kuma ya narke ya toshe ƙofofin.

Ladi Kwali ta shiga cibiyar a 1954. Ta ci gaba da gina tuluna da hannu, tana yi musu zanen kada da ƙadangare da kifi, amma ana gasa su a tanderu. Tulunan sun yi suna har Ingila, sai dai sun yi nauyi, kuma sun daina sanyaya ruwa. Ke nan sun tashi daga kayan amfanin gida sun koma kayan ado.

4.0 Ma'aunin Zaɓe

Mai neman tukunyar girki ko randa, gashin fili ya wadatar da shi. Mai neman tangaran kuwa, dole ya nemi tanderu, ya kuma duba makamashi. Na itace yana buƙatar ƙwarewa da tsaron wuta na sa'o'i masu yawa. Na lantarki yana da sauƙin sarrafawa, amma ɗaukewar wuta tana iya ɓata gashin. Na gas yana bin farashin gas. Sannan ba kowane yumɓu yake jure babban zafi ba, wani narkewa yake yi. Kowace ƙwarya da abokiyar ɓurminta.

5.0 Kammalawa

Ga manazarcin harshe, abin lura shi ne Bahaushe ya fi sanin tanderu wajen gashin gurasa. Idan aka faɗaɗa ma'anar kalmar ta haɗiye kowane irin gashi, bambancin da aka nuna a sama zai ɓace. Ya kamata masu ƙirƙirar kalmomi su keɓe "tanderu" ga rufaffen gini, su kuma je wurin magina, kamar matan Ushafa da na Kwali, su tattara sunayen da suke amfani da su tun kafin masu riƙe da su su ƙare.