Man Rilaksa Ba Maganin Bushewa da Karyewar Gashi Ba Ne

A duk lokacin da hunturu ya kama ko Sallah ta gabato, shagunan gyaran gashi da gidajen makitsa sukan cika da mata masu kuka iri ɗaya, wato gashi ya bushe, ya yi buzu-buzu, yana cukurkuɗewa, kuma da an sa mataji sai ya fito da guntaye. Abin takaici shi ne maganin da aka fi ba su shi ne ainihin abin da ke ƙarasa gashin: a lafta man rilaksa, wato man da ke miƙar da gashi, a bar shi har sai mai kan ta fara runtse ido don zafi, domin wai idan bai yi zafi ba, bai ci ba. Ana yi wa manya, ana yi wa yara 'yan shekara 5 ko 6 da ba su san hawa ba balle sauka, sa'an nan bayan kwana biyu a kai su a ja musu ƙananan kitso.

Silin gashi an gina shi ne da keratin, wani nau'in furotin mai tauri wanda shi ne kuma ke cikin farce, kuma yana da ɓawo na waje da ke jere ɗaya bisa ɗaya kamar kwanon rufi. Idan ɓawon ya kwanta, gashi yakan yi sheƙi ya riƙe danshi, idan kuwa ya ɗaga ko ya ɓare, sai danshin ya fice, kowane sili ya riƙa sarƙewa da na kusa da shi. Gashin yawancin 'yan Afirka a murɗe yake, maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya iya gangarowa har baki, saboda haka saurin bushewa halinsa ne, ba cuta ba ce. Sashen da ya riga ya fito daga fata kuma ba shi da rai, don haka idan ya lalace ba ya warkewa.

Wannan hujja ta ƙarshe ita kaɗai ta isa ta rushe zancen cewa rilaksa tana gyara gashin da ya lalace. Sinadarin da ke aiki a cikin yawancin irin wannan mai shi ne soda mai ƙuna, wadda masana ke kira sodium hydroxide, ita ce kuma ake dafa sabulu da ita. A ma'aunin pH, wanda ke tashi daga 0 zuwa 14 yana nuna tsamin abu ko kusancinsa da kanwa, gashi da fatar kai suna tsakanin 4.5 da 5.5, alhali man rilaksa yakan kai 13. Aikinsa shi ne ya buɗe ɓawon da ƙarfi, ya shiga ciki ya tsinka mahaɗan da ke riƙe da murɗar gashin, kuma waɗannan mahaɗan su ne dai ke ba shi ƙarfi. Laushin da mace ke shafawa tana murna ranar da ta fito daga shago, rauni ne aka yi wa silin. Zafin da ake jira kuwa ƙuna ce tsagwaronta, shi ya sa washegari ake tarar da gashi ya manne da ruwan miki a ƙeya da bayan kunne. Nau'in da ake rubuta wa cewa babu soda a ciki, har da na yara mai hoton yarinya tana murmushi a jikin kwali, shi ma sinadari ne mai ƙarfin kanwa, kuma yakan bar gashi a bushe fiye da na farkon.

Akwai wani tarko da ba a cika lura da shi ba. Gashi yana ƙaruwa da kimanin santimita 1 a wata, kuma daidai inda sabon toho mai murɗa ya haɗu da tsohon da aka miƙar, nan ne silin ya fi saurin tsinkewa. Mace ta ga gashi yana zuba, sai ta ɗora laifin a kan sabon tohon, ta koma a sake shafe mata kai gaba ɗaya tun daga tushe har baki, ta yadda bakin gashin da ya shekara biyu a kanta zai iya shan sinadarin sau goma ko fiye. Daga nan ne ake jin koken cewa gashi ba ya tsawo, alhali yana fitowa daga ƙasa, yana karyewa daga sama. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Binciken likitoci ma ya tabbatar da ɓarnar. Farfesa Nonhlanhla Khumalo ta Jami'ar Cape Town da abokan aikinta sun wallafa a 2007 cewa kashi 31.7 cikin 100 na matan da suka duba a unguwar Langa da ke birnin Cape Town suna da sanƙon gefen goshi wanda jan gashi ke haddasawa, kuma haɗarin ya fi yawa ga waɗanda aka yi wa kitso mai tsauri a kan gashin da ya sha rilaksa. A 2022 kuma, wani bincike na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasar Amurka a kan mata 33,497 ya gano cewa masu amfani da man miƙar da gashi fiye da sau 4 a shekara sun ninka waɗanda ba sa amfani da shi yawan kamuwa da sankarar mahaifa. Alaƙa binciken ya nuna, bai yanke cewa man ne sanadi ba, amma uwar da ta ji wannan ta ci gaba da shafa wa 'yar firamare, ba ta yi wa 'yarta adalci ba.

Gyaran gaskiya ba shi da tsada, domin mafi yawansa barin ɓarna ne. Wadda ba za ta iya rabuwa da rilaksa ba, ta bar aƙalla mako 8 tsakani, a shafa wa sabon tohon kaɗai, a kare fatar da baselin, a bi mintunan da ke jikin kwali, a wanke da shamfun da ke kashe ƙarfin sinadarin, kuma kada a yi kitso sai bayan mako 2. Wankin kai sau ɗaya a mako ko kwana 10 ya wadatar, amma ba da omo ko sabulun wanki ko ruwan kanwa ba, kuma ko sabulun salo sai an narka shi a ruwa mai yawa. Wadda kuɗinta bai kai na kwandishina ba, karkashi ya ishe ta: a jiƙa busasshen ganyen a ruwan ɗumi har ya yi yauƙi, a tace, a zuba a kai ba tare da kanwa ba, a riƙa warware gashin da yatsu yana zamewa. Shi ne ganyen da matan Chadi ke kira ambunu, wanda yanzu ake ƙullawa a leda ana sayar wa 'yan Turai da Amurka da tsada.

Ya kamata a fahimci cewa ruwa ne ke jiƙa gashi, mai kuwa rufe danshin kawai yake yi, don haka man kaɗanya a murza shi a tafin hannu ya narke, a shafa a kan gashi mai ɗan laima, musamman bakinsa, ba a dambara shi a kan busasshen kai inda ƙurar hunturu za ta manne ba. Man kwakwa yana da wata fa'ida ta daban, domin wani binciken Indiya na 2003 ya nuna yana shiga cikin silin yana rage asarar furotin idan an shafa kafin wanki. Taza a yi ta bayan an raba gashin gida huɗu, da mataji mai faɗin haƙora, daga baki zuwa tushe, kuma tsifa ba aikin gaggawa ba ce. Bakin da ya tsage a datse shi da almakashi mai kaifi, domin babu man da ke liƙe shi, tsagar ma hawa sama take yi. A kwana da ɗankwali mai santsi maimakon na atamfa, kada a ɗaure jiƙaƙƙen kai a ƙarƙashin hijabi, a kuma rage diraya mai zafi. Haɗe-haɗen da ake tallatawa da alkawarin tsawon gashi cikin kwana 7 cin kuɗin jama'a ne, kuma ko haɗin chebe na Chadi da ake yabo, hana karyewa yake yi, ba ya sa toho sauri.

Ƙarancin jini, jego, doguwar jinya, cutar maƙoƙo da makero su ma suna zubar da gashi, kuma waɗannan na asibiti ne.

Saura kitso. Duk kitson da ya ɗage wa mace gira, ya fesa ƙananan ƙuraje a goshi, ya sa ta shan farasitamol ko ya hana ta kai goshi ƙasa a sujada, ya yi tsauri, kuma bai kamata ya kwana ba ko nawa aka biya makitsiya. Saiwar da ta daɗe tana shan ja takan mutu ta zama tabo, kuma tabo ba ya sake toho, saboda haka duk wadda ta ga gashin goshinta ko na 'yarta ya fara ja da baya, ta tsefe kitson, ta nemi likitan fata tun da sauran saiwa.