Kwamfutocin jingina: Abin lura kafin a girka su a makarantun Azare

Garin Azare, hedikwatar masarautar Katagum a Jihar Bauchi, ya zama matattarar ɗalibai. Akwai Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, da Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a 2021, ga kuma Jami'ar Sa'adu Zungur a Gadau. Tun daga 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, buƙatar manyan ɗakunan kwamfuta ta ƙaru a yankin.

Hanya ɗaya ta rage kuɗin kafa irin wannan ɗaki ita ce amfani da kwamfutocin jingina. Waɗannan ƙananan na'urori ne da ba sa yin aiki mai nauyi da kansu. Suna aika abin da aka latsa zuwa babbar kwamfuta, wato uwar garke, ita kuma ta yi aikin ta mayar musu da hoton sakamakon a allo.

Amfaninsu a fili yake. Galibinsu ba sa cin wutar da ta kai wat 20, alhali kwamfutar tebur kan ninka haka sau da dama. A wurin da ake dogaro da janareta ko hasken rana idan wutar kamfanin JED ta ɗauke, wannan rangwame ne babba. Da yawansu kuma ba su da fanka, don haka ƙurar hunturu ba ta cika illata su ba.

Sai dai nauyin duka yana kan uwar garke. Idan kowane ɗalibi na buƙatar gigabait 2 na ƙwaƙwalwar aiki, ɗalibai 50 za su buƙaci gigabait 100, ban da abin da na'urar kanta ke ci. Lissafin kuma ana yin sa ne bisa lokacin cunkoso, sa'ad da kowa ya shiga a minti guda.

Na biyu shi ne layin sadarwa. Kowane harafi sai ya je ya dawo kafin ya bayyana, saboda haka ɗan jinkiri kaɗan yakan sa rubutu ya riƙa sarƙewa. Waya ta fi sadarwar iska tabbas, kuma bai kamata tsawonta ya wuce mita 100 tsakanin na'ura da mahaɗa ba. Bidiyo ya fi rubutu cinye layi nesa ba kusa ba.

Na uku, zafi. A watan Afrilu zafin Azare kan haura digiri 40, don haka ɗakin uwar garke na buƙatar na'urar sanyaya ɗaki da batirin ko-ta-kwana. Idan ta tsaya, ɗaki gaba ɗaya ya tsaya, shi ya sa ake tanadar ta biyu.

Masu niyyar buɗe cibiyar jarrabawa su lura: a 2022 JAMB ta sanar da cewa ba za ta amince da sabuwar cibiyar da ke amfani da irin waɗannan na'urori ba, sai kwamfutocin tafi-da-gidanka. Sun fi dacewa da ɗakin karatu, da ajin koyon kwamfuta, da ofishin ajiye bayanai, matuƙar an gwada su da cikakken adadin masu amfani kafin a biya ɗan kwangila.