Shin Babbar Ƙasa Za Ta Iya Wadatar da Kanta?

Idan damina ta sauka a Bobi, cikin masarautar Kontagora, manomi yakan ga kamar ba ya bukatar kowa. Gona tasa ce, iri nasa ne, masarar da zai girbe kuwa ita ce tuwon gidansa. Amma a duba buhun takin zamanin da ya sayo a kasuwa. Manyan sinadarai uku ne a cikinsa. Na farko, wato yuriya, ana yin sa a Nijeriya daga iskar gas. Na biyu, fosfet, daga Maroko ake kawo yawancinsa. Na uku, fotash, daga ƙasashe irin su Rasha yake zuwa. Ashe tuwon Bobi ma yana jiran jirgin ruwa!

Shugabannin Nijeriya sun daɗe suna neman ƙasar ta ci da kanta. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, daga baya kuma Shugaba Shehu Shagari ya kawo nasa shirin na bunƙasa noma. Gwaji mafi tsanani shi ne na watan Agusta 2019, lokacin da gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu domin hana fasa-ƙwaurin shinkafa. Manoman shinkafa sun ji daɗi, an kuma ƙara buɗe masana'antun casa. Sai dai farashi ya hau, har magidanta suka koka, 'yan kasuwar Jibiya da Illela da Maraɗi kuma suka rasa ciniki. Masu fasa-ƙwauri ba su daina ba. Barauniyar hanya kawai suka koma bi. A watan Disamba 2020 aka fara buɗe iyakokin.

Shinkafa dai tana yi a ƙasarmu. Alkama fa? Ita tsiro ce mai son sanyi, don haka ba a noma ta sai lokacin hunturu, a gonakin rani na jihohi irin su Kano da Jigawa. Abin da ake samu bai kai kusa da abin da ake ci na burodi da taliya ba. Doka ba ta iya sauya yanayi. Shi ya sa, da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a 2022, tsadar fulawa ta iso har teburin mai shayi.

Kada a zaci wannan matsalar ƙasashe matalauta ce kaɗai. Ƙasar Sin, duk da yawan masana'antunta, tana sayen waken suya daga Barazil, da ɗanyen mai daga ƙasashen Larabawa. A ganina, babbar ƙasa za ta iya rage dogaro da waje, musamman wajen abinci, kuma ya kamata ta yi. Yanke hulɗa gaba ɗaya kuwa, talaka ne zai biya kuɗinsa.

Kakanninmu ma ba su rayu a haka ba. Tun kafin zuwan Turawa, fatake sukan tashi daga Kano da jakuna, su haye Kwara ta wajen Yawuri, su nufi Gwanja. Sukan kai kanwa da tufafin rini, su komo da goro. Gishiri kuwa ayarin raƙuma ne ke kawo shi daga Bilma, tafiyar makonni cikin hamada.