Gasasshen Dankali Mai Cushe: Abin Da Garwashin Murhu Zai Iya Yi Wa Abincin Dare

A yawancin gidajen Birnin Gwari, da zarar uwargida ta sauke tukunya aikin murhu ya ƙare. Sai a janye ragowar itace a yayyafa masa ruwa don gobe, garwashin da ke ƙasa kuma a bar shi ya mutu da kansa. Alhali wannan garwashi, da tokar da ta lulluɓe shi, yana riƙe da zafin da zai kai sa'a guda ko fiye, kuma an riga an biya kuɗinsa. A garin da shiga daji neman itace ya daɗe yana zama kasada da rai, barin wannan zafi ya tafi a banza ba ƙaramar asara ba ce.

Akwai abincin da ya dace da irin wannan wuta. A Amurka iyalai kan gasa manyan dankalin turawa da ɓawonsu, su tsaga kowanne a tsakiya, su cusa masa niƙaƙƙen nama mai yaji da wake da tumatir da albasa da cuku, su ɗora madara mai tsami a sama. Kayan cushen aro ne daga taco, abincin mutanen Meziko, wanda asalinsa ɗan faifan burodin masara ne da ake naɗe nama da kayan lambu a ciki. Ingila ma tana da nata, da wake da cuku. A Santambul ta Turkiyya kuwa, unguwar Ortakoy ta yi suna da kumpir, dankalin da ake dama cikinsa da man shanu kafin a loda masa kaya. Mu ma ba baƙi ba ne a nan. Duk wanda ya taɓa tsaron gona ya san yadda ake tura dankali ko rogo ko doya cikin toka, a ciro, a karkaɗe, a ci da ƙuli-ƙuli. Cushen ne kawai ba mu saba yi ba, kuma babu abu ɗaya a cikinsa da sai an nemo daga waje.

Tambayar farko ita ce wane dankali. Na turawa ɗan tsauni ne. Mutanen tsaunukan Andis, a yankin tafkin Titikaka tsakanin Peru da Bolibiya, su suka fara noma shi shekaru dubbai da suka wuce, kuma har yau bai bar halinsa na son sanyi ba. Idan dare bai yi sanyi ba, sai ya yi ta ganye ya ƙi zuba 'ya'ya a ƙasa. Shi ya sa mafi yawan wanda ake ci a Nijeriya daga Filato yake fitowa, daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, inda ƙasa ta haura mita 1,200 sama da teku, kuma a Kuru kusa da Jos ne Cibiyar Binciken Amfanin Gona Masu Saiwa ta Ƙasa, mai hedikwata a Umudike, ta ajiye sashenta na dankali. Kafin buhu ya baro Filato ya iso Kaduna, sannan ya bi hanyar Buruku da Udawa mai kimanin kilomita 120 zuwa Birnin Gwari, kuɗin mota ya riga ya hau kansa.

Dankalin Hausa kuwa zafi yake so, kuma yana yi a ƙasarmu ba tare da lallashi ba. Ba ma dangi ba ne da na turawa: shi na turawa ɗan gidan su tumatir da barkono da gauta ne, wannan kuwa saiwa ce ta tsiro mai yaɗo. Ni a ganina shi ya fi cancanta da murhun Birnin Gwari, ba don arha kaɗai ba. Toka tana yi masa wani abu da tukunya ba ta iya yi.

A cikin ɗanyen dankalin Hausa akwai sitaci mai yawa, akwai kuma wani sinadari da masana ke kira beta-amilas. Muddin dankalin yana ɗanye, sinadarin ba ya iya taɓa sitacin, don ƙwayoyinsa a ƙulle suke. Idan zafi ya kai wajen digiri 60 a ma'aunin Salsiyas, ƙwayoyin sitacin sai su sha ruwa su kumbura su buɗe, shi kuma sinadarin ya shiga yayyanka su yana mai da su wani nau'in sukari mai suna maltos. Amma lokacinsa ƙayyadadde ne. Da zafi ya wuce digiri 75 ko kusa da haka, sinadarin ya lalace, aikin ya tsaya. Ke nan zaƙin gasasshen dankali ya dogara ne da tsawon lokacin da cikinsa ya ɗauka yana ratsa wannan ɗan tsakani. Wanda aka yayyanka aka jefa a tafasasshen ruwa cikin 'yan mintoci yake wucewa, ga shi ɗan sukarin da ya samu ma ya tsiyaye cikin ruwan da za a zubar. Wanda aka binne ɗungurungum a toka kuwa, toka ba ta barin zafi ya shige shi da gaggawa, sai ya hau sannu a hankali. Wannan ɗanƙon mai kama da zuma da ke tsattsafowa ta ɓawo, shi ne shaidar aikin ya yi. Dattawan da ke hana yara ɗora dankali a kan harshen wuta sun san sakamakon tun kafin a san sunan sinadarin: waje ya ƙone ƙurmus, ciki yana ɗanye.

Haka nan wanda aka haƙo yau bai kai wanda ya kwana biyu zaƙi ba. Idan aka ajiye shi kamar mako guda a inuwa mai ɗumi, raunukan da fartanya ta ji masa za su warke, wani ɓangare na sitacin ya fara juyewa sukari, ya kuma fi jure ajiya.

In an samu mai jan ciki, ruwan lemo, to an dace. Launin nan na sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A ne, wanda rashinsa ke jawo wa yara dundumi da saurin kamuwa da cuta. Cibiyar Umudike ta fitar da irin su King J da Mother's Delight ga manoman Nijeriya, kuma a 2016 aka ba Maria Andrade da Robert Mwanga da Jan Low, tare da Howarth Bouis, babbar lambar yabo ta abinci ta duniya saboda aikin inganta irin waɗannan amfanin gona. Sai dai jiki ba ya zuƙar wannan sinadari sosai sai da maiƙo, don haka cokalin man gyaɗa ko man shanu a cikin cushe ba ado ba ne.

Wanda ya fi son na turawa, lissafinsa daban. Ba shi da wannan zaƙi, abin nema a wurinsa shi ne ciki ya yi gari-gari. Kusan kashi 80 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, kuma dole wani ɓangare na ruwan ya fita a matsayin tururi. A soke shi da cokali mai yatsu sau biyar ko shida kafin ya shiga wuta, in ba haka ba yana iya fashewa ya watsa toka. Mai obin ta ba shi digiri 200 na kimanin sa'a guda. Mai murhu ta share garwashi gefe, ta shimfiɗa toka mai zafi, ta jera dankalin, ta rufe da toka, sannan ta mayar da garwashi a sama, ta juya shi sau ɗaya. Idan tsinke ya shige har tsakiya babu turjiya, ya yi. A tsaga shi nan take tururi ya fice. In aka bar shi a rufe, ruwan zai koma ciki ya yi caɓi.

Hanya mafi sauƙi ta samun garwashin ita ce a fara da wake. Wake yana cin wuta, to garwashin da ya bari shi zai gasa dankalin, wuta ɗaya ta yi aiki biyu. Ga gida mai mutum takwas: dankali matsakaita takwas, wake gwangwani biyu, nama kwatan kilo, albasa biyu, tumatir huɗu, attarugu gwargwadon juriyar masu gida. A daka naman a turmi ko a ba mahauci ya daddatsa shi ƙanana, a soya da albasa da tafarnuwa da citta har ya yi ja. Kada a zuba ruwa da wuri, don ƙamshin soyayyen nama ba ya fitowa sai kasko ya bushe. Sannan a juye dafaffen wake, a barbaɗa yajin ƙuli. Tumatir da ragowar albasa a yanka su ɗanye, a matse lemun tsami a kai. Tsamin yana taimaka wa jiki ya ɗebi sinadarin ƙarfe da ke cikin wake, abin da mai ciki da mai shayarwa suke buƙata. A gurbin madara mai tsami ta Amurkawa, kindirmo ya wadatar, har ya fi. Idan dankalin Hausa ne, a ƙara yaji da tsami kaɗan don su danne zaƙin. Ranar da babu nama, soyayyiyar awara da aka marmasa tana tsayawa a madadinsa, ga waken suya ana nomawa a yankin.

Nama da kindirmo ba ƙananan kalmomi ba ne a Birnin Gwari. Shekaru da dama 'yan bindiga da ke fake a dazukan Kamuku da Kuyambana sun hana noma a wurare da yawa, sun mai da hanyar Kaduna da ta Funtuwa abin tsoro, kasuwar shanu ta garin ta daɗe a rufe. A ƙarshen Nuwamban 2024 ne Gwamna Uba Sani ya je garin aka sake buɗe ta bayan sulhun da aka ƙulla da 'yan bindigar. Mutane sun sha bamban a kan sulhun, kuma masu ɗari-ɗari suna da hujjarsu. Abin da ba a musu a kai shi ne, kwanon da ya haɗa dankali da waken manomi da nama da nonon makiyayi ba ya cika sai kowannensu ya iya zuwa kasuwa ya koma gida lafiya.

Kwatan kilo na nama a miya, a gidan mutum takwas, rigima ce. Kowa ya san kukan: "Inna, Yaya ya ɗauke tsokar!" Amma idan aka daka shi aka gauraya da wake aka raba cikin dankali takwas, autan gida ma ya samu rabonsa, kowa da nasa a hannu. Maigida dai zai iya cewa wannan taɓa-ka-lashe ne, ina tuwo? Ba na cewa a kori tuwo. Amma da kaka, lokacin da dankali ya cika kasuwa farashinsa ya faɗi har yana ruɓewa a hannun manoma, dare ɗaya ko biyu a mako ba zai rage wa kowa komai ba, kuma wanda ya ci manya biyu da wake ba zai nemi ƙari ba.

Akwai abubuwan kiyayewa. Dankalin turawan da ya sha rana ya yi kore, ko ya fara tsiro, yana tara guba mai suna solanin, kuma wuta ba ta kashe ta. In koren kaɗan ne a fere shi da zurfi, in ya yi yawa ko yana ɗaci a zubar. Dankalin Hausa da ƙwaro ya huda ko ya yi baƙin tabo mai ɗaci shi ma ba na ci ba ne. Masu naɗe dankali a takardar alminiyam su cire ta da zarar an sauke. Ƙwayar cutar da ke haddasa botulizim, guba mai shanye jijiyoyi, a ƙasa take zaune, tana manne wa ɓawo, tana jure gashi, kuma inda babu iska take yaɗuwa. A 1994 mutum 30 suka kamu a garin El Paso na Amurka daga abincin da aka yi da dankalin da aka gasa a irin wannan takarda aka bar shi a naɗe ba tare da sanyi ba. A inda wutar lantarki ba ta da tabbas, a gasa daidai wanda za a cinye a daren.

Sai batun hunturu. Lokacin da gasasshen dankali ya fi daɗi shi ne lokacin da ake sha'awar jawo kaskon wuta cikin ɗaki a rufe ƙofa. Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri, tana kuma kashe mai barci. A yi gashin a tsakar gida.

Kada kuma a ce za a sayo buhun gawayi musamman don wannan. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma ɗaga shi zuwa gandun daji na ƙasa a 1999, da dazukan da ke kewaye da shi, suna cikin yankin da masu saran itace da masu ƙona gawayi ke sa wa ido, kuma duk lokacin da hanya ta buɗe, motocin gawayi na cikin waɗanda ke fara bin ta. Dankali takwas ba sa buƙatar sabuwar wuta. Tokar da waken ya bari ta ishe su, in dai an rufe su da kyau an ba su sa'arsu guda.