Ƙullutun Itace Tsakanin Gizago da Inji

Ranar Alhamis, idan kasuwar Shinkafi da ke Zamfara ta cika, ba a rasa turmi da taɓarya da akushi a wajen masu kayan sassaƙa. Mai saye zai ɗaga akushi, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa gindinsa da yatsa. Tsaga yake nema. In ya ji sautin ya dushe, sai ya ajiye ya ɗauki wani.

Masassaƙin wannan yanki, daga Ƙauran Namoda har Zurmi, da ƙarfin damtse yake aiki. Gatari ya sare gungume, gizago ya fitar da siffa, a rarake cikin sannu a hankali, sannan a bi akushin da wuta har ya yi baƙi wuluk. Ƙirya ce ta turmi saboda taurinta, ɗanya kuwa mai sauƙin sara ita ce ta akushi. Miƙaƙƙen gungume ake so, wanda jijiyarsa ta tafi sak, don gizago jijiya yake bi.

To, akwai wani ƙullutu da kan fito a jikin bishiya kamar ƙari, galibi inda ta taɓa jin rauni ko ƙwari suka ci. A cikinsa jijiyoyin itacen sun murɗe, sun sarƙe, ga ƙananan idanu birjik na rassan da suka so tohowa suka fasa. Gizago na shan wuya a kansa. Amma a Amurka da Turai kuɗi ake sawa a saye shi, domin idan aka goge shi zanensa kan fito kamar an ɗiga tawada a ruwa.

A can, da inji ake yi. A ɗaure ƙullutun a bakin injin, ya riƙa juyawa, mai aiki ya kara masa kaifi yana aske shi. Gwaninta tana wajen rarake ciki: ta ɗan rami ƙarami ake zura lanƙwasasshen ƙarfe, ido ba ya ganin inda yake ci, sai kunne da hannu su gaya wa mutum kaurin da ya rage. David Ellsworth, shugaban farko na ƙungiyar masu wannan sana'a ta Amurka da aka kafa a 1986, da tuluna masu siririn jiki da ake rarakewa haka ya yi suna. Kuskure ɗaya, ƙarfen ya ɓullo waje.

Ɗanyen itace da shi aka fi son aiki nan da can, don ya fi laushi, sai dai in ya bushe da gaggawa tsagewa yake. Shi ya sa mai inji kan bar jikin da kauri, ya ajiye shi watanni kafin ya ƙarasa, masassaƙi kuma yake ɓoye nasa daga rana da iskar hunturu.

Abin takaici a Zamfara yanzu, samun itacen ma aiki ne. Dajin Dumburum da ke Zurmi ya daɗe da zama maɓoyar 'yan bindiga, kuma roba da kwanon silba sun karɓe wurin akushi a gidaje da yawa. Turmi ne dai har yau ba a kai amarya ɗaki a ƙauye ba tare da shi ba.