Lafiya Lau a Sulo, Tari a Kan Totur

Mahaɗar Ƙofar Ɗan Agundi da ke Kano wuri ne da ke tona asirin injin mota. Titin BUK ya bi gefen badala tun daga wajen Gidan Murtala har Kabuga, kuma duk direban da cunkoso ya tsayar a mahaɗar dole ya sake ɗaga mota daga tsaye, kaya a baya, 'yan adaidaita sahu na danna masa ham. A nan ne a-kori-kura mai ɗauke da buhunan siminti take nuna halinta. Tana tsaye injin na kaɗawa sumul, amma da an taka totur sai ta kama tari, tana fizga, ƙarfi ya tafi. Makanikai suna cewa "tana misin". Abin haushin, idan aka kai ta gareji aka tayar, sai ta yi lumui kamar ba ita ba.

Wannan ɓuyan da ciwon ke yi shi ne babbar shaidar da ke nuna inda yake. Kano shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, mota ba ta cika haɗuwa da hawa ba sai a wurare irin su gadar sama ta Ƙofar Nassarawa ko wajen fitowa daga gadar ƙasa ta Gadon Ƙaya. Don haka injin mai rauni kan daɗe yana yawo a gari ba a gane ba, sai ranar da aka yi masa lodi.

A cikin kowace silinda ta injin fetur abu uku ne ke haɗuwa: iska da mai a gwargwadon da ya dace, matsi daga fistin, sai tartsatsin wuta daga fulogi. In ɗaya ya gaza, wannan bugun ya tafi a banza, shi ne misin. Batir bolt 12 kawai yake bayarwa, kwayil ne ke ɗaga shi zuwa dubbai, wani lokaci fiye da 20,000, domin wutar ta iya tsallake ɗan gibin da ke bakin fulogi. A sulo iska kaɗan ce ke shiga, matsin ba yawa, tsallaken ba wuya. Da an taka totur silinda ta cika maƙil, matsi ya hau, wutar kuma sai ta buƙaci ƙarin ƙarfi kafin ta keta. Wani Bajamushe masanin kimiyya, Friedrich Paschen, ya bayyana wannan alaƙa ta matsin iska da tartsatsi tun 1889. Kwayil da ya gaji, ko fulogin da bakinsa ya cinye gibin ya buɗe, zai iya aikin sulo amma ya kasa aikin lodi. Wutar da ta rasa hanya kuwa takan nemi wata, ta bi tsagar roba ta zube a jikin injin.

Tsofaffin makanikai sun san wannan tun zamanin Peugeot 504 mai buɗaɗɗen baya, wadda kamfanin PAN na Kaduna, da ya fara aiki a 1975, ya cika Arewa da ita. A kan irin waɗannan, sai a buɗe bonet da daddare, a ga shuɗin tartsatsi na rawa a jikin wayar fulogin da ta lalace. Ko a riƙa zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya: wadda aka zare sautin injin bai canza ba, silindarta ce ba ta aiki.

Hilux mai injin fetur na lita 2.7, wadda ta zama motar hukuma da ta 'yan kwangila, ba ta da waɗannan dogayen wayoyi. Kowane fulogi da nasa kwayil a kansa, ga kuma kwamfuta da ke lura da juyin karanshaf; duk bugun da ya faɗi, juyin yakan ɗan rage gudu, ita kuma ta rubuta. Tsarin da ake kira OBD-II, wanda ya zama dole ga motocin Amurka daga 1996, shi ya sa harshen lambobin da kwamfutar ke rubutawa ya zama ɗaya a kusan kowace mota. P0301 na nufin silinda ta ɗaya, P0302 ta biyu, haka har ta huɗu, P0300 kuwa misin ne mai yawo da bai tsaya wuri ɗaya ba.

Sai dai a nan ake yawan yin ɓarnar kuɗi. Kwamfuta silinda take nunawa, ba ta faɗi abin da ya lalace a cikinta ba. Wasu da sun ga lambar sai su tura mai mota kasuwar Ƙofar Ruwa ya sayo kwayil huɗu da fulogi huɗu, alhali akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. A ɗauke kwayil ɗin silinda ta biyu a musanya da na ta uku, a goge lambar, a fita da motar a taka ta. Idan P0302 ta koma P0303, kwayil ne, kuma shi kaɗai za a saya. Idan ta tsaya inda take, a musanya fulogi, bayansa nozul mai fesa fetur. Yayin da aka zare kwayil kuma a leƙa ramin: baƙin mai da ya tsiyayo daga gasket, ko ruwan da mai wankin mota ya fesa da injin matsi, duk suna sace wuta. Sabon fulogi ma ba hujja ba ne, domin jabu masu ɗauke da sunan Denso ko NGK sun yi yawa a kasuwa.

Idan misin ɗin na yawo ne, hankali ya koma kan mai. Injin yana son iska kashi 14.7 ga fetur kashi ɗaya a nauyi, kuma lodi ne ke neman mai da yawa a lokaci guda. Famfon da ya raunana ko matatar da ta toshe za su ƙosar da sulo, su gaza a hawa. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, direbobi da dama ba sa cika tanki, ɗan kaɗan ake zubawa a lallaɓa. Famfon kuwa a cikin tankin yake zaune, man ne ke sanyaya shi, yawo da tanki a ƙasa na gajarta masa kwana. Ga man 'yan bumburutu da ba a san abin da ya kwana a jarkarsa ba. Ko na gidan mai ya taɓa ba da kunya: a Fabrairun 2022 kamfanin NNPC ya amsa cewa an shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, motoci da dama suka lalace. Ƙurar hunturu ma tana da nata kason, ta toshe matatar iska, ta dusashe na'urar da ke auna iskar da ke shiga.

Akwai alamar da ke raba gardama. Motar da ke karkarwa a sulo amma ta ware in an taka ta, galibi iska ce ke satar shiga ta wata roba da ta tsage. Wadda ta yi akasin haka, wuta ce ko mai. Sai duk waɗannan sun fita daga zargi ake auna matsin silinda, a ga ko bawul ya ƙone ko ringi ya cinye, domin wannan aikin buɗe injin ne.

Fitilar gargaɗin injin da ke kan dashbod tana da yanayi biyu, kuma direbobi kaɗan ne ke bambancewa. In ta kunnu ta tsaya, a kai mota a duba. In tana ƙyaftawa, ɗanyen fetur ne ke fita daga silinda yana ƙonewa a cikin tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi saboda zubin cikinta. Zafin kan narkar da ita ta toshe, motar ta ƙara shaƙewa, kuma da yake akwai ƙarafa masu daraja irin su filatinam a cikinta, kuɗinta ya ninka na kwayil sau da yawa. Direban da ya ga tana ƙyaftawa a Ɗan Agundi, gara ya ɗaga ƙafa daga totur, ya lallaɓa ya samu gefe tun kafin ya kai Ƙofar Na'isa.